Kunun Tsahara

Ranar da Sallau ya ce a bar Zalika gida, watanta tara da haihuwa. Tsahara na sunkuye tana gyara zanen goyo, motar furoje, wato shirin taimakon yara, kuma tana ƙofar gida, direba sai danna oda yake.

"Sauke ta," in ji Sallau.

"Maigida, nono hwa take sha."

"Na sani. Dube ta dai da kyau. Zawon nan ya zabge ta, wuya kamar na ɗan tsako. Ke ce za ki tsaya gaban matan gari guda ki ce ga kunun da ke gina yaro, sannan su leƙa bayanki su ga wannan? So kike a yi muna dariya har Konni? Miƙa ta ga Inna. Kafin la'asar mun komo."

Tsahara ta kwance goyon. Shekara shida ta yi a gidan nan kafin Allah ya ba ta wannan ɗiya, kuma ba su taɓa rabuwa ba ko na wuni ɗaya. Ta kai ta ɗakin Inna Shatu, uwar mijinta, tsohuwar da idonta ya fara hazo, ta ajiye ta a kan tabarma. Kukan yarinyar ya raka ta har cikin mota.

Kunun da ake ta wannan hidima a kansa ba wani abin mamaki ba ne. Gero ne da wake, a soya su sama-sama, a surfe waken, a niƙa tare da ƙuli-ƙuli, a barbaɗa garin zogale. Wurin kakarta Tsahara ta koya. Shekarar babban fari, da yaran ƙauyensu na bayan Dogarawa suka fara zubewa, Tsahara ce ta riƙa damawa tana bi gida-gida da ƙwarya, kuma da yawa sun tashi. Labarin ya kai kunnen Madam Hadiza, ma'aikaciyar wata ƙungiyar taimako mai buro, wato ofis, a Konni. Ta zo, ta ɗanɗana, ta rubuta a littafinta, ta ce abu irin wannan bai kamata ya tsaya a ƙauye ɗaya ba. Tsahara za ta koya wa mata goma, kowace cikin goman ta koya wa goma, a haka har a game ƙasar.

Sai dai furoje ba ta tafiya sai da kwamiti, kwamiti kuma sai da mai sa hannu a takarda. Sallau ya yi aji uku a lakwal, makarantar boko, ya kuma taɓa dakon siminti a Malbaza, inda ya tsinto ƴan kalmomin Faransanci. Shi aka naɗa shugaba. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa Sallau a gaban idonsa, sai Parsidan. Bai taɓa riƙe muciya ba, amma ba mai iya bayanin kunun kamarsa.

Ba su komo da la'asar ba. Sai da aka yi magariba.

Ƙauye shida aka fara da su, kafin damina ta faɗi sun zama sha huɗu. Ko'ina tsarin ɗaya ne. A shimfiɗa tabarmi a inuwa, mata su zauna da ƴaƴansu, Sallau ya miƙe da sabuwar hularsa ya yi jawabi a kan haƙƙin yaro bisa iyayensa, sannan Tsahara ta hura wuta ta dama. Mata sukan tambaya ina nata ɗan. Sallau ya lura da haka, ya nemo magani. Maƙwabciyarsu Fati tana da yaro ɗan wata takwas, ƙato, cinyoyi duk lanƙwasa. Ya je ya yi magana da mijinta, aka fara ba su aron yaron, uwar na biye da su a matsayin mai wanke tukunya.

"Ku duba da idonku," haka yake cewa, yana ɗaga yaron sama. "Ba mu zo da tatsuniya ba. Ga abin da kunun ga yake yi a gidana."

Yaron Fati bai taɓa shan kunun ba. Nonon uwarsa ne kawai. Tsahara takan karɓe shi ta ɗora a cinya kamar yadda aka umarce ta, shi kuma da ya ji ƙanshin nono sai ya fara lalubar ƙirjinta. Nata ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana tsiyaya har rigar ta jiƙe. Sai ta ja mayafi ta rufe, ta ci gaba da gaya wa mata cewa kada su yi gaggawar yaye.

A gida, Inna Shatu na yin iyakar abin da ta sani. In yarinya ta yi kuka, ta tsoma yatsa a fura ta sa mata a baki, ko ta ɗura mata ruwan randa. Tsahara ta dama kunun da asuba ta bar mata a ƙwarya, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi, ƙudaje sun rufe.

"Inna, ba ki ba ta ba?"

"Wake zan ɗura ma jinjira? Ni na haifi tara, ban taɓa jin wannan ba. Ku tahi can ku yi ma baƙi wasanku, amma ban da jikata."

Ta kai ƙara wurin Sallau. Ya ce ai Inna ta girmi furoje, a bi ta a hankali. Da waken gida ya ƙare, ta roƙe shi mudu ɗaya daga buhun garin kunun furoje da ke kulle a ɗakinsa. Ya dube ta kamar ta ce a yi sata a masallaci.

"Kayan jama'a ne, Tsahara. Amana ce anka ba ni. In na buɗe buhun ga don gidana, da wane ido zan dubi Madam?"

"To waken gonarmu hwa? Buhu biyu munka samu."

"Na ba kwamiti gudummawa. Shugaba shi ke fara ba da misali. Ke ba ki ji tafin da anka yi ba?"

Ta ji tafin. Tana wurin.

Kafin wata biyu nonon ya ƙafe. Yarinyar da ake bari tun hantsi sai duhu, wata rana ma sai gobe, ta daina neman sa. Ta daina kukan nan mai ƙarfi, sai wani siririn ƙugi kamar na mage. Da can ta fara rarrafe, yanzu inda aka ajiye ta nan za a same ta. Sallau ya ce ai hankali ne ta yi, yaran da ba su da fitina haka suke.

Sau ɗaya Tsahara ta yi ƙoƙarin faɗa wa Madam Hadiza. A buron Konni ne, ranar da aka kira su taro. A bango akwai babbar taswira, an soka mata ƙananan allurai masu jan kai, kowace allura ƙauye guda. Madam na tsaye tana ƙara wasu, fuskarta cike da murna ta gaskiya, don ita mace ce mai son aikinta, ba ta da mugunta ko kaɗan.

"Ashirin da uku, Tsahara! Kin san yara nawa ke nan? Manyanmu na Yamai sun ce in munka kai arba'in kafin ƙarshen shekara, za su buɗe muna ƙasar gaba ɗaya."

"Madam, ɗiyata ce ba ta jin daɗi. Da za a ba ni ko sati biyu…"

"Wayyo, haƙora ne? Parsidan ya gaya mini kakarta na kula da ita sosai. Kin yi sa'ar uwar miji, wallahi."

"Haƙora ne," in ji Sallau daga bakin ƙofa. "Kin san mata, Madam. Yaro ya yi atishawa sai su ce a kira liman."

Madam ta yi dariya, ta dafa kafaɗar Tsahara, ta ce da zarar an gama zagayen Illela za ta huta har ta gaji da hutu. Ta juya ga taswirarta tana neman inda za ta soka ta ashirin da huɗu.

Suna komawa gida, Sallau ya riga ta sauka. A zaure ya tsayar da ita.

"Kada ki ƙara kai maganar gidana buro. Kin ji ko? An ce za a ba shugaban kwamiti moto, babur sabo. Mutum nawa ke da moto a ƙasar Dogarawa? Ke ba ki duba gaba. Duk wahalar ga don wa nike yin ta in ba don ɗiyar nan ba?"

Zagayen Illela kwana shida ya ci. Ƙauye tara, wuta tara, jawabi tara. A wani gari wata tsohuwa ta kama hannun Tsahara ta riƙe, ta ce jikanta da aka fid da rai da shi ya tashi saboda wata da ta koya daga wata da ta koya daga gare ta. Ta yi ta sa mata albarka. Tsahara ta ce amin, ta koma bayan mota ta yi kuka ba tare da ta san na murna ne ko na mene ne ba.

Da suka dawo, Inna Shatu ce ta tare su a tsakar gida, bakinta har kunne.

"Zo ki ga aikin fura, ke mai kunu! Kwana shida kacal. Zo ki ga ƙiba."

Zalika na zaune an jingina ta da bango. Kumatunta sun cika, ƙafafunta sun yi luhu-luhu, hannuwan ma haka, fatar tana sheƙi. Sallau ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ba na ce muku ba? Kuma ga shi ya zo daidai. Ran Alhamis manyan Yamai za su zo nan garin, har da Baturiya. Ba sauran aron ɗan mutane. Tamu za mu nuna."

Tsahara ta durƙusa ta ɗauki ɗiyarta. Gashin kan ya yi ja, ya yi laushi, yana biyo hannu in an shafa. Idanun ba sa bin kowa. Ta sa babban yatsa a bayan ƙafar yarinyar ta danna, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, rami sosai, bai ciko ba. Ta ga irin wannan ƙibar a shekarar fari, ta kuma san inda take kai yaro.

"Maigida, kumburi ne. Ruwa ne, ba nama ba. A kai ta likita yau."

"Ke dai ba ki iya ganin alheri ba."

"Na rantse maka da Allah tamowa ce. In anka jima…"

"To na ji. Bayan Alhamis. Kwana ukku ne. In munka kai ta yau, su riƙe ku can, wa zai dama kunu gaban baƙi? Ni? Kuma mi za a ce, ɗiyar Parsidan na kwance da tamowa? Ki yi tunanin yaran ƙauye arba'in, Tsahara, ki daina son kanki."

Ya sa kwaɗo a ƙofar zaure da zai fita, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce saboda awaki ne.

Kwana ukun nan Tsahara ba ta sauke yarinyar daga jikinta ba. Ta ari wake tafi biyu wurin Fati ta kan katanga, ta dama kunu mai ruwa-ruwa, tana ɗiga mata da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya dawo. Bayan gwiwoyin fata ta fara saɓulewa. Inna Shatu ta leƙo ta ce a shafa man shanu, kambun baka ne, mutane sun ga ƙiba sun yi magana.

Ran Alhamis an share gari tun da safe. An kafa rumfa a ƙofar maigari, an ɗaura ƙyalle mai rubutu. Motoci uku suka iso da hantsi. Sallau ya sa babbar riga ta aro, ya ba Tsahara sabon zane, ya kawo wa Zalika ƴar riga mai dogon hannu da hula da safa, don a rufe abin da bai kamata a gani ba, a bar kumatu a waje.

Ya yi jawabi mafi kyau a rayuwarsa. Ya ce yaro amana ne. Ya ce duk uban da ya kwana da ƙoshi ɗansa na jin yunwa, Allah zai tambaye shi. Wani tafinta na juya wa baƙi maganar, Baturiyar na gyaɗa kai tana rubutu. Sannan ya miƙo hannu a ba shi ɗiyarsa ya ɗaga.

Tsahara ta miƙe. Ta wuce hannun nasa kamar ba ta gan shi ba, ta nufi kujerun baƙi, ta durƙusa gaban Madam Hadiza. Ta cire wa yarinyar hula, ta zare safar, ta ɗora ta a cinyar Madam.

"Madam, wagga ita ce tawa. Wancan da kike gani kullum ɗan Fati ne. Danna ƙafarta."

"Tsahara!" in ji Sallau.

"Danna, Madam."

Madam ta danna. Ta daɗe tana kallon ramin da yatsanta ya bari. Baturiyar ta leƙo, ta ajiye alƙalaminta. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Wata akuya na ta kuka a bayan rumfa.

"Don mi ba ki gaya mini ba?" in ji Madam.

"Na gaya miki. Kina sa allura."

A motar manyan Yamai aka kai su asibiti. Sallau bai bi su ba. Ya tsaya ya sallami jama'a, ya bayyana wa maigari da dattawa cewa shi kansa yau ya fara gani, don harkar yara ta mata ce, kuma uwar da ba ta zama gida dole a ga irin haka.

Ɗakin da aka kwantar da su na masu tamowa ne, gado goma sha biyu, kowane da uwa a gefe. Likita ya duba Zalika, ya ce da an ƙara kwana biyu da ba sai an wahalar da mota ba. Aka sa mata siririn tiyo ta hanci. Kwana tara Tsahara na zaune tana kallon kumburin yana sacewa, yana barin abin da ke ƙarƙashinsa: ƙashi da fata, da ido biyu manya.

Ran na goma, da aka cire tiyon, wata ƴar matashiyar ma'aikaciyar jinya ta tara iyayen a baranda. Ta zo da kurfoti da tukunya da wani kwali mai zane-zane. Sabuwar zuwa ce daga makaranta, ba ta san kowa ba.

"Ku matan ƙauye ba ku jin magana," in ji ta. "Wata nawa furoje na yawo gari-gari tana koya muku kunun nan? Kyauta! Amma sai kun bari yaro ya kumbura ku kwaso shi nan. Ke, mai sabon zane, daga ina?"

"Bayan Dogarawa."

"Dogarawa! Can ma anka fara shi. Ashe ke ba ki zuwa taro. Matso nan ki riƙe muciya, yau sai kin koya."

Tsahara ta matso ta riƙe. Yarinyar ta karanta mata daga kwali: gero kaza, wake kaza, ƙuli-ƙuli kaza. Ta manta da surfe waken. Tsahara ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga idon sauran matan a kanta, ta tuna abin da ke kwance a gadonta. Ta sa hannu kawai ta murje waken, ta busar da ɓawon, ta ci gaba.

"Ka ga, hannunki ma ya iya," in ji ma'aikaciyar. "Lalaci ne kawai."

Zalika ta sha cokali biyar a ranar, ba ta mayar ba.

Sallau ya zo a sati na uku, a kan sabon moto ja. Ƙungiyar ta yi zama a kan abin da ya faru, ta rubuta cewa darasi ne, ta ƙara doka cewa mai koyarwa ta riƙa tafiya da jaririnta. Amma moto an riga an yi odarsa da sunan shugaban kwamiti, kuma ba wani mai sa hannu a ƙauyen. Ya tsaya a bakin baranda da leda mai lemu uku.

"Na yafe miki abin da kinka yi mini gaban mutane," in ji shi. "Ya wuce. Ran Litinin akwai Tsarnawa, ƙauye na arba'in. Inna ta ce za ta zo ta zauna da ita wuni ɗaya."

Tsahara na ba yarinyar kunu. Ba ta ɗago ba sai da cokalin ya koma ƙwarya.

"Maigida, ka ga mata sau talatin da tara suna kallon yadda ake yi. Kai ma kana wurin. Ga muciya can, a ɗaura maka ita bayan moto."

Ya ce ta tuna da wa take magana. Ya ce yana iya sakinta a nan inda take zaune. Ta ce yana iyawa. Ya waiga, ga mata goma sha ɗaya sun zuba masa ido. Ya ajiye lemun a ƙasa ya fita.

Bai sake ta ba. Parsidan da ya saki mai kunu ba zai daɗe yana Parsidan ba, kuma ya fi kowa sanin haka. Zalika ta rayu. Ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba sai da ta shekara uku, kuma har ta girma ƙannenta sun fi ta tsawo. Tsahara ba ta ƙara shiga motar furoje ba. Matar da ke son koyo takan zo har gida, ta same ta a tsakar gida da ɗiyarta a gefe, ta koya ta tafi.

Furoje kuwa ta ci gaba, don abu ne mai kyau, kuma ta ceci yara da yawa. Wannan ba mai musun sa. Ta wuce Illela, ta kai ƙauye sittin da wani abu. An buga ɗan littafi a kanta da Faransanci, da hoton Sallau a shafi na biyu yana riƙe da ɗan Fati. Har yau in baƙo ya sauka a garin, Sallau kan kai shi ƙofar gidansa ya nuna masa, ya ce duk yaƙin da aka yi da tamowa a ƙasar nan, daga cikin gidan nan ya fara. Ba ƙarya ya yi ba. Maƙwabta dai sukan sunkuyar da kai in ya faɗa.